Marigayi Seyni Kunce: Sojan Faransa, Sojan Nijar, da Arzikin Arlit

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Tawa ya nufi Agadas, sa'an nan ya zarce arewa har Arlit, ya bi hanyar nan da ake kira hanyar uraniyom. Tsawonta ya haura kilomita 600, kuma an shimfiɗa mata kwalta ne a ƙarshen shekarun 1970, domin manyan motoci su riƙa kai kayan aiki wurin haƙar ma'adini, su komo da garin uraniyom zuwa bakin teku. Shugaban da aka yi hanyar a zamaninsa shi ne marigayi Janar Seyni Kunce. Jama'a sun fi saninsa da juyin mulkin 1974 da kuma tsananin horonsa. Amma kafin wannan duka, ya yi shekara goma sha biyu yana sanye da kakin Faransa, ya ga yaƙi a ƙasashe biyu masu nisa, kuma wata rana ya tsaya a mararrabar da dubban sojojin Afirka suka tsaya: ko a karɓi sallama a koma gida, ko a ci gaba da ɗaukar bindiga ƙarƙashin sabuwar tuta.

An haifi Seyni Kunce ranar 1 ga watan Yuli 1931 a Fandu, cikin ƙasar Tondikandiya, yankin Filinge. Bazabarme ne, ɗan gidan sarauta. Bayan karatun firamare aka kai shi makarantar ƴaƴan soja ta Kati, kusa da Bamako, daga can kuma zuwa ta Sanluwi a Senegal. Waɗannan makarantu Faransawa sun kafa su ne don su raini yaran da za su zama ƙananan shugabannin soja. Yaro yana kwana da ƙaho, yana tashi da ƙaho. A duba gadonsa, a duba takalminsa, a ƙidaya maɓallan rigarsa. Wanda aka yi wa wannan reno tun gemu bai fito ba, da wuya ya rabu da shi, kuma Kunce bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A shekarar 1949 ya shiga aikin soja sosai. A lokacin Faransa tana fama da yaƙin Indoshin, wato ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya, wanda aka soma tun 1946. Dubban baƙaƙen sojoji aka kwasa zuwa can, waɗanda Faransawa ke kira ƴan Senegal ko da kuwa daga Dosso ko Damagaram suka fito. Tafiyar ta jirgin ruwa ce, ta makonni, a ratsa mashigin Suwes da Bahar Maliya kafin a sauka Saigon. Mai karatu ya dubi halin ɗan Sahel wanda bai san ruwa ba sai na damina da na rijiya, ga shi an tsoma shi cikin fadamun shinkafa, ruwa iya gwiwa, sama ba ta daina zuba, abokin gaba kuma ba a ganinsa sai dare ya yi. Yawancin aikin da aka ba sojojin Afirka shi ne gadin ƙananan sansanoni da rakiyar ayarin motoci. Kunce na cikin waɗanda suka yi aiki a wannan ƙasa. Ranar 7 ga Mayu 1954 sansanin Diyan Biyan Fu ya faɗi, manoma masu jigilar shinkafa da harsashi bisa kekuna suka karya rundunar Faransa, kuma a watan Yuli aka sa hannu kan sulhu a Janeba. Duk sojan Afirka da ya komo daga can ya komo da sanin abin da iyayensa ba su sani ba, wato Bature ma ana cinsa da yaƙi.

Ba a huta ba sai ga na Aljeriya, wanda ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954. Can ma an kai Kunce. Wannan yaƙi ya fi na farko nauyi a zuciyar sojan da yake Musulmi, don kuwa mutanen da aka sa shi ya tsare ko ya bincike gidajensu alƙiblarsu ɗaya da shi, kuma abin da suke nema shi ne wanda ƴan siyasar ƙasarsa suka fara nema a Yamai. A 1957 ya sami igiyar sarja. Daga nan aka ɗauke shi makarantar hafsoshi ta Ferejus, a kudancin Faransa, wadda aka buɗe a 1956 don horar da ƴan ƙasashen da Faransa ke mulka, da yake ta ga alamar rana ta kusa faɗuwa. Makarantar nan abin a tsaya a duba ce: Matiyu Kereku na Dahome, da Musa Tarawore na Mali, da Saye Zarbo na Haut Bolta duk ta nan suka bi, kuma kowannensu daga baya ya hau mulkin ƙasarsa da bindiga. Kunce ya zama ƙaramin laftana a daidai lokacin da Nijar ta sami mulkin kai, ranar 3 ga Agusta 1960.

To, a nan ne maganar zaɓi ta taso. Ƙasashen Afirka sun sami ƴanci, Faransa kuwa tana da dubban ƴaƴansu cikin rundunarta, kuma ba ta da niyyar ci gaba da riƙe su duka, balle da yaƙin Aljeriya ya doshi ƙarewa. Sai aka shiga rage su, shekara bayan shekara. Ƙa'idar sojan Faransa ita ce, wanda ya cika shekara 15 yana aiki ya cancanci fansho gwargwadon shekarunsa. Wanda bai cika ba, sai a danƙa masa kuɗin sallama dunƙule guda, a ba shi takarda, a sa shi a hanya. Hanya ta uku ita ce a mayar da mutum rundunar ƙasarsa, in tana da gurbi, in kuma tana son sa.

Kowace hanya da ƙayarta. Kuɗin sallama a ido suna da yawa, musamman ga wanda ya bar ƙauye ba shi da ko akuya. Wasu sun sayi shanu, wasu sun gina soro, wasu sun ƙara aure, wasu sun ja jari. Amma kuɗin da ba su da uwa ba su daɗewa, kuma mutumin da ya ba bariki ƙuruciyarsa sau da yawa bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. Masu fansho su ne ake ganin sun dace, ashe akwai abin da ke jiransu. Ranar 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta zartar da wata doka wadda ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami mulkin kai: abin da mutum ke karɓa a lokacin, shi zai yi ta karɓa, ba ƙari, komai tsadar rayuwa. Abokin yaƙinsa Bafaranshe, wanda suka kwana rami ɗaya a Indoshin, nasa yana hawa kowace shekara. Mazan jiya da yawa ba su gane zurfin wannan rami ba sai da aka yi shekaru, suka ga abin da a da ke sayen buhunan hatsi ya koma ba ya cika kwando.

Rundunar ƙasa kuma fa? An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, ƙarama ce ƙwarai, kayan aikinta ragowar na Faransa ne, albashinta daga baitulmalin ƙasar da ba ta da abin sayarwa waje sai gyaɗa da dabbobi. Ba ta iya ɗaukar kowa. Kunce a lokacin shekararsa 30 da haihuwa, 12 a aiki, wato da saura uku ya kai ma'aunin fansho. Ya koma rundunar Nijar a wannan shekara ta 1961. Gaskiya ita ce zaɓin ya fi masa sauƙi bisa ga na ƙaramin soja, domin hafsoshi ƴan ƙasa a lokacin ana iya ƙidaya su da yatsu, kuma sabuwar runduna tana neman su ido rufe. Duk da haka ya bar babbar runduna mai jiragen sama da na ruwa, ya shiga wadda ba ta da tabbacin man mota, ƙarƙashin ƴan siyasar da ba su yarda da soja ba, sojan ma bai yarda da su ba.

Wanda ke tsammanin wannan magana ta sallamar sojoji ƙarama ce, ya dubi abin da ya faru a Togo. Can sojojin da Faransa ta sallama suka koma gida suka nemi a ɗauke su cikin rundunar ƙasa, shugaba Silbanus Olimpiyo ya ƙi, yana ganin ƙasar ba ta da kuɗin riƙe su. Ranar 13 ga Janairu 1963 suka kashe shi. A nan Nijar ma, a watan Disamba na wannan shekara, an yi wani bore a barikin Yamai wanda aka kashe wutarsa da lallashi. Tun daga nan gwamnatin Jori Hamani ta riƙa kallon sojanta da wutsiyar ido, ta fi dogara ga ƴan bangar jam'iyya da masu gadin fada da kuma sojojin Faransa da ke zaune a ƙasar.

Kunce ya yi ta hawa a hankali. Ya koma Paris ƙarin karatun hafsoshi a 1965 zuwa 1966, ya dawo ya zama mataimakin babban hafsan hafsoshi, sa'an nan a 1973 aka ba shi shugabancin rundunar baki ɗaya, yana laftana-kanar. A cikin waɗannan shekaru ne wani abu ke tsirowa a arewa. Tun 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suka ga alamar uraniyom a Azelik. A yarjejeniyar tsaro ta watan Afrilu 1961 an rubuta cewa Faransa ce ke da fifiko wajen sayen irin waɗannan ma'adinai. A 1968 aka kafa kamfanin Somair, aka fara gina garin Arlit a fili fetal, yamma da duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, wurin da a da sai makiyaya Abzinawa ke ratsawa da raƙumansu. A 1971 aka fitar da uraniyom na farko. Daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya, ƙasar da Kunce ya yi yaƙi cikinta da kakin wasu, bai fi tafiyar kilomita 200 ba.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya yi ta ja da baya, a 1973 abin ya kai intaha: dabbobi suka ƙare, mutanen arewa suka kwararo kudu, sansanin Lazare a bakin Yamai ya cika da masu gudun yunwa. An sa soja jigilar hatsin taimako, don haka hafsoshi suka gani da idonsu abin da ke isa ga talaka da abin da ke ɓacewa a hanya. A gefe guda kuma, kuɗin man fetur ya tashi a duniya a ƙarshen 1973, Faransa ta yanke shawarar dogara ga wutar nukiliya, Jori kuwa ya ga dama ta samu, ya nemi a ƙara wa uraniyom kuɗi sosai. An zauna a Yamai a watan Maris 1974 ba a daidaita ba, aka ɗage zaman. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Pompidu ya rasu. A daren 14 wayewar 15 ga Afrilu, kafin a koma teburin ciniki, soja suka kifar da gwamnati. An kashe mutane a fada, cikinsu har da uwargidan shugaban ƙasa, Hajiya A'isa Jori. Jori kansa ya yi shekara shida a tsare, sa'an nan aka yi masa ɗaurin talala har 1987.

Saboda yadda ranakun suka haɗu, mutane da yawa sun daɗe suna cewa Faransa ce ta kitsa abin don kada ta biya kuɗin uraniyom. Masu binciken tarihi da suka karanta takardun gwamnatin Faransa daga baya sun nuna cewa juyin ya zo wa Paris ba zato, har ma an yi tunanin kai wa Jori ɗauki. Dalilan hafsoshin na gida ne: yunwa, da cin amanar hatsin taimako, da wulaƙancin da suke gani ana yi wa runduna, da yarjejeniyar tsaron da Jori ya ƙulla da Libiya ba da shawararsu ba. Kuma wata guda bayan juyin, a watan Mayu, tsohon sarjan na Faransa ya umarci sojojin Faransa da ke Yamai su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar. Amma bai taɓa kamfanonin ma'adini ba. Ya san inda ƙarfinsa ya tsaya, kamar yadda aka koya masa a Ferejus.

Abin da Jori ya nema, a hannun Kunce ya faɗo. Kuɗin uraniyom ya ninka sau da yawa tsakanin 1974 da 1980, rabon Nijar a Somair ya ƙaru zuwa kashi ɗaya cikin uku, kuma a 1976 aka kafa ofishin ma'adinai na ƙasa, ONAREM, wanda ke riƙe da hannun jarin gwamnati yana kuma sayar da rabonta ga wanda ta ga dama. A watan Yuni 1974 aka kafa kamfani na biyu, Cominak, da jarin Nijar da Faransa da Japan, Spaniya ta shigo daga baya. Shi ramin ƙarƙashin ƙasa ya haƙa, zurfin mita 250, ya fara fitar da kaya a 1978, aka gina masa garinsa, Akokan, dab da Arlit. Aka buɗe haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, don ba ma'adinan da Agadas wutar lantarki. A 1981 abin da Nijar ta haƙa ya haura tan 4,000, ta shiga sahun manyan masu fitar da uraniyom a duniya. A lokacin garin ma'adinin yakan bi mota har Paraku a Benin, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga can sai teku.

Arlit ta zama gari mai jan mutane kamar zuma. Hausawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, Zabarmawa, Abzinawan da fari ya raba da dabbobinsu, ƴan Benin da Togo da Senegal, kowa ya nufo. A unguwannin kamfani akwai ruwan famfo da lantarki da asibiti da kantin da ake kawo wa kaya daga Faransa, har ana yi wa garin kirari da ƙaramin Paris. Gidajen an jera su daki-daki, na injiniyoyi daban, na shugabannin leburori daban, na leburori daban, tamkar bariki. A bayan wannan kuma ga unguwar Bukkoki, ta waɗanda suka zo neman aiki ba su samu ba, suka kafa bukka da tabarma da gwangwani suna jira. Da kuɗin Arlit aka soke harajin kai da ya daɗe yana gallabar talaka, aka ƙara albashi, aka cika rumbunan gwamnati da hatsi, aka gina makarantu da manyan gine-ginen Yamai irin su otel Gawai da zauren taro.

Yadda ya riƙe ƙasar kuwa, riƙon bariki ne. Ya rushe majalisa, ya hana jam'iyyu, ya farfaɗo da Samariya don ta zama hanyarsa ta zuwa ga jama'a. Yakan faɗo wa ofis da sassafe ba sanarwa ya ga wa ya makara. Yakan tara manyan ma'aikata ya yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana nunawa a talabijin, mai gumi na gumi. Talakawa sun so wannan, har yau akwai dattawan da ke ambatonsa in an yi maganar dukiyar gwamnati. Amma ba daidai ba ne a faɗi wannan a yi shiru da ɗayan gefen. Ƴan sandan ciki sun cika gari har mutum na tsoron maƙwabcinsa. Mataimakinsa, Kwamanda Sani Suna Siddo, an kama shi a watan Agusta 1975 tare da Jibo Bakari, ya rasu a tsare a Agadas a 1977. Bayan yunƙurin juyin mulki na watan Maris 1976 an harbe Kwamanda Musa Bayere da Kaftin Sidi Mohammed da shugaban ƙwadago Ahmed Muddur da wasu. An kai mutane Dawo Timi, can ƙuryar hamada, wasu ba su komo da lafiyarsu ba. A watan Oktoba 1983 na hannun damansa ne da kansa, Amadu Umaru Bonkano, ya nemi kifar da shi yana halartar taro a Faransa. A bariki ana iya hukunta soja ba a tambayi ra'ayinsa ba. Ƙasa kuwa ba bariki ba ce, kuma a nan ne horon Kati ya gaza masa.

Daɗin bai daɗe ba. Bayan haɗarin da ya auku a wata tashar nukiliya ta Amurka a 1979, ƙasashe suka rage gina sababbi, kasuwar uraniyom ta faɗi tun daga 1980. Bashin da aka ci da sa ran kuɗin gobe ya tsaya a wuya. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, aka fara tsuke bakin aljihu. A 1984 fari ya komo, Najeriya kuma ta rufe iyakarta. Wannan karon hatsin taimako ya fi isa ga masu shi bisa ga na 1973, kuma wannan yana cikin abin da ba a musa masa. A Arlit da Akokan kamfanoni suka daina ɗaukar mutane, daga baya suka shiga rage su. Sai ga leburan rami, ɗan tsohon soja ko ƙanensa, yana zaune da matarsa da dare suna lissafin da aka yi a barikoki shekara ashirin da ƴan kai da suka wuce: a karɓi kuɗin a koma kudu, ko a daure a ga abin da gobe za ta kawo.

Kunce ya naɗa farar hula firayim minista a 1983, da farko Mamman Umaru, daga baya Hamid Algabid, kuma a watan Yuni 1987 aka yi ƙuri'ar amincewa da kundin manufofin ƙasa. Amma kafin nan ciwo ya riga ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ana ta kai shi Paris ana dawowa. Ya rasu can a asibitin Pitiye Salpetiriyar ranar 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56. Aka kawo gawarsa aka rufe a Fandu. Allah ya jiƙansa. Kanar Ali Saibu, shi ma ɗan makarantar Sanluwi, ya gaje shi. Babban filin wasa na Yamai yana ɗauke da sunansa.

Abokan tafiyarsa na Indoshin da Aljeriya, waɗanda suka zaɓi fansho, sun jira fiye da haka. Sai ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gwamnati ta Faransa ta yanke hukunci, a ƙarar wani tsohon sarja ɗan Senegal mai suna Amadu Jop, cewa bambancin fanshon ya saɓa wa doka. Mai ƙarar ya riga ya rasu kafin hukuncin. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai daga ranar 1 ga Janairu 2011, lokacin da mafi yawansu suna ƙasa. A Akokan kuwa, ramin Cominak da aka buɗe a zamanin Kunce ya fitar da kimanin tan 75,000 kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatansa wajen 600 an biya su kuɗin sallama, wannan karon ba tare da an ba su zaɓi ba, ɗaruruwan da ke aiki ta hannun ƴan kwangila kuma suka yi ta kokawa a kan nasu rabon. A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somair mallakar ƙasa.